Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dukawa da Maɗinka Jakunkuna na Kumasi Kan Jakar Ƙirji ta Madubin Hangen Nesa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa zuwa ga iyayenmu da yayyenmu dukawa, da maɗinka jakunkuna na Aboabo da Asawase da Alabar, da masu rumfuna a Kejetia. Ina fata kuna lafiya, ku da iyali da yaran shago. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Ni ɗanku ne, haifaffen Zangon Kumasi, mafarauci ɗan mafarauci. Kuben wuƙar mahaifina, ɗaya daga cikinku ne ya ɗinka shi, yau ya fi shekara talatin, har yanzu ɗinkin bai saki ba. Don haka ba raini ne ya kawo ni ba. Na rubuto ne da yawun abokan tafiyata da muke fita dawa wajen Ejura da Atebubu da filayen Afram, da kuma wasu ƙannenmu da suka jingine bindiga suka koma yi wa baƙi jagorar kallon tsuntsaye a dazukan Bobiri da Owabi. Abin da ya haɗa mu da su shi ne kowannenmu yana yini da madubin hangen nesa a ƙirjinsa, jakar da ke riƙe madubin nan kuwa daga hannunku take fitowa.

Kun san daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara ana rufe farauta a Ghana, bisa dokar kare namun daji ta 1971, saboda a lokacin ne yawancin dabbobi ke ɗauke da ciki ko suke shayarwa. Gyazbi kaɗai, wanda a nan muke ce wa akrantie, aka yarda a kama, shi ma sai da lasisi. A watanni huɗun nan ne mukan zauna mu duba kayanmu, mu kawo muku abin da ya lalace. Bara da yawa daga cikinmu sun dawo muku da jakunkunan ƙirji da suka saya a hannunku, kowa ya faɗi abin da ya dame shi, aka ce an ji. Makon jiya na zaga kasuwa, sai na tarar an ɗinka sababbi birjik an rataye, duk a kan samfuri guda da wani ya shigo da shi daga Amurka, ko ɗinki ɗaya ba a canza ba. Na durƙusa na gai da wani dattijo cikinku, na ce, "Baba, ina maganarmu ta bara?" Ya ce, "Ɗana, ai haka na Turawan yake, shi muka bi." Amsar nan ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Wanda ya tsara samfurin ya san aikinsa, amma don ƙasarsu ya yi shi. Mafarautan Montana da Idaho da Alaska cikin sanyi suke fita, a kan duwatsu, da riguna biyu ko uku a jiki, suna hangen nama daga wannan tsauni zuwa wancan. Mu kuwa ciyawar da ta fi mutum tsayi muke kutsawa, zufa na tsiyaya tun kafin hantsi, ga bindiga mai baki ɗaya a hannu, kuma sai mun yi salla biyu ko uku a daji kafin mu ga gida.

Na san wani zai ce, ai jaka ce kawai, me ya yi zafi haka? Doka ta haramta taɓa wasu dabbobi kwata-kwata, irin su giwa da ɗankunya. Ta kuma hana harbin dabbar da ba ta gama girma ba ko uwa mai tafe da ɗanta, ko da an buɗe farauta. Cikin duhun asuba ko hazon hunturu, ido kaɗai ba zai nuna maka cewa mazon da ke tsaye mace ce, ɗanta na kwance a ciyawa kusa da ita ba. Madubi ne zai gaya maka, shi ma sai in yana fitowa kafin ƙiftawa da bismillah. Idan fito da shi yana da wuya, ko yana ƙara, ko jakar tana dafa ƙirji, mutum zai cire ta ya cusa a jakar baya. Daga nan kuma ya koma harbi da zato.

Shekara uku da suka wuce, cikin Janairu, muna bakin wani rafi da ya ƙafe a yankin Afram, ni da wani ƙanena, yaro mai natsuwa. Gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe ko'ina. Can gaba, kamar taku sittin, ciyawa ta motsa, wani abu ja ya sunkuya ya ɗago. Ya kai bindiga kafaɗa. Madubinsa yana jakar baya, domin tun jiya da yamma maɗaurin jakar ƙirjin ya goge masa gefen wuya har ya saɓule, ya cire ta. Nawa yana ƙirjina, cikin wata tsohuwar jaka da na ɓalle wa murfi na ɗaure da roba. Na ɗaga, na duba, na kama bakin bindigarsa na danna ƙasa. Yarinya ce 'yar Fulani, ba za ta wuce shekara goma ba, da jan ɗankwali, tana tsintar itace. Ba ta ma san muna wurin ba. Ƙanena ya zauna dirshan a ƙasa hannunsa na rawa, ni na ɗauko masa bindigar har muka koma bakin hanya. Laifin ɗaga bindiga a kan abin da bai tantance ba nasa ne, shi ma ya sani, ba na ɗora wa baduku. Amma da jakarsa ta zauna masa daidai, da madubin yana ƙirjinsa a safiyar nan.

Bari in fara da murfi, domin a nan ƙorafi ya fi yawa. Kun sa masa abin mannewar nan da ake kira Velcro. A hayaniyar Kejetia ba wanda zai ji ƙararsa. A daji da asuba kuwa, lokacin da ko numfashinka kake ji, in ka ɓare shi sai ka ji kyaaat, kamar an yage sabon yadi. Gada ba ta tsayawa ta ji na biyu. Jagororin tsuntsaye ma sun ce haka: baƙo ya biya kuɗi ya taso daga Ingila ko Jamus, an yi awa guda ana laɓe, tsuntsu ya sauka, murfi ya kore shi. Ga shi kuma yana kwashe 'ya'yan ciyawa da zare, sati biyu ya daina kamawa. Waɗanda aka sa wa zif su ma ba su tsira ba. Zif hannu biyu yake so, mu kuwa hannu ɗaya yana kan bindiga. Ƙura tana cushe haƙoransa, gishirin zufa ya cinye kansa.

Sannan murfin ta wajen haɓa yake buɗewa, ka ɗaga ya faɗo, ka sake ɗagawa ya sake faɗowa a kan hannunka. Abin da muke so shi ne murfi mai buɗewa ta gaba, ya kife can nesa da jiki ya tsaya a haka har a mai da shi. Abin rufe shi ya zama 'yar igiyar roba da maɓalli na ƙaho ko na itace, wanda babban yatsa ɗaya zai ture ba tare da an kalla ba. Murfin kuma ya sauko ya rufe gefe da gefe kamar hula, kada a bar kafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ta saman nan take shiga ta kwanta a gilashin da ake sa ido. Mutum ya sa gefen riga ya goge, ƙurar ta karce shafin da ke kan gilashin, haske ya riƙa raguwa shekara bayan shekara.

Na ga wasunku sun ji kukanmu na ƙara, suka sa maganaɗisu a murfi. Allah ya saka da alheri, tunani ne mai kyau, kuma akwai masu son sa. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata ku sani. Yawancinmu da kamfas muke neman alƙibla a daji, ko na hannu ko na cikin waya, kuma daidai ƙirji mutum yake riƙe shi. Maganaɗisu yana jan allurar kamfas ya karkatar da ita, na waya ma ya rikice. Daga Kumasi alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, wanda ya saba zai gane in ta kauce da yawa, amma ranar da hadari ko hazo ya rufe rana ba abin da zai gwada da shi. Wanda kuma ya dogara da kamfas ɗin don ya koma inda ya ajiye babur, ɓata zai yi. Na biyun ya fi wannan nauyi. Akwai dattawa da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, likitoci kuwa suna gargaɗin a nisanta maganaɗisu da ita da aƙalla santimita 15. Jakar nan a kan wurin take kwanciya. Ba mu ce ku daina yin mai maganaɗisu ba. Ku yi iri biyu, ku kuma gaya wa mai saye abin da ke ciki kafin ya biya.

Sai zafi da laima, inda samfurin ƙasar sanyi ya fi cutar da mu. Bayan jakar, wanda ke manne da ƙirji, kun cika shi da soso mai kauri kuka rufe da tamfol. Awa biyu da sa ta, riga ta jiƙe sharkaf a wurin, kwana uku ƙurajen zafi sun feso. Wannan jikinmu ke nan, yana warkewa. Madubi ba ya warkewa. Kumasi damina biyu gare ta, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma jagororin tsuntsaye a cikinsu suke aiki. Madubi ya shiga jaka da danshi, jaka ba ta shan iska, aka rataye ta a ɗaki mai duhu, sai hunhuna ta kama gilashi daga ciki. Da farko za ka ga ɗan zare fari-fari a gefe kamar saƙar gizo-gizo. In ta daɗe tana cin shafin gilashin ne, ko an buɗe an wanke tabon yana nan. Sababbin madubai masu tsada ana cika su da iskar naitirojin a toshe su don kada danshi ya shiga, amma namu yawanci na gwanjo ne, robar da ta toshe su ta tsufa.

Don haka muna roƙon bayan jakar ya zama raga mai ɗan tudu, yadda iska za ta ratsa tsakanin jaka da jiki. A huda ƙananan ramuka biyu a gindi don ruwan da ya shiga ya samu mafita. A ɗinka ɗan aljihu a ciki wanda zai ɗauki ƙunshi ɗaya ko biyu na tsakuwar nan mai shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Shafin ciki ya zama yadi mai laushi mai haske, wanda za a iya zaro shi waje a wanke a shanya.

A nan sai in nemi afuwar iyayenmu dukawa, domin zan taɓa fata. Na san darajarta, da ita aka san ku, kuma ba abin da ya kai jar fatar da aka jeme da bagaruwa kyau a ido. Amma fata tana riƙe danshi, a damina ita ce farkon abin da ke yin hunhuna a ɗaki, kun fi ni sani. Kada ta zama ita ce ke manne da gilashi. Ku sa ta inda ƙarfinta ke da amfani: a bakin murfi, a kusurwoyin da ke gogar ƙasa in mutum yana rarrafe, a wuraren da maɗauri ya haɗu da jaka. A can ba yadin da zai kama ƙafarta.

Maganar maɗauri ita ce ta raba ƙanena da madubinsa. Madubi mai lamba 8x42 (lambar farko ƙarfin kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba), wanda ya fi yawa a hannunmu, nauyinsa tsakanin giram 600 ne zuwa 800, mai 10x50 kuwa yakan kusa kilo ɗaya. A hannu ba komai ba ne. A wuya, daga asuba zuwa la'asar, dutse ne. Maɗaurin da kuke sawa siriri ne, faɗinsa santimita biyu da rabi, kuma ya matso gefen wuya yana yanka. Muna so ya faɗaɗa zuwa santimita huɗu ko biyar a kan kafaɗa, ya nisanci wuya, ya je ya gicciye a baya tsakanin allunan kafaɗa, nauyin ya bazu. Faɗi muke nema, kada a cika shi da soso, domin a kansa maratayin jakar baya zai hau, in suka yi tudu biyu kafaɗa ce za ta sha.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne inda kuke sa maƙullin daidaita tsawo. Yana zaune daidai lungun kafaɗar dama, wurin da gindin bindiga ke kwanciya. Mai samfurin riguna masu kauri gare shi, bai ji ba. Mu da 'yar shara ko singileti, in bindiga ta tashi, maƙullin nan take dannawa cikin ƙashin wuya. Wani abokinmu ya yi sati biyu bai iya ɗaga hannu sama ba. Kafin ma a kai ga harbi, gindin bindigar zamewa yake yi a kan roba, saiti ya kauce. Ku sauke maƙullan zuwa haƙarƙari ko ku mai da su baya, ku bar gaban kafaɗu biyun sumul, domin a cikinmu akwai bahagwai.

Maɗaurin ƙasa, mai zagaye haƙarƙari, shi ke hana jaka lilo. Wanda ya taɓa hawa babur a hanyar ƙauye bayan Ejura ya san yadda jaka ke dukan ƙirji a kowane rami. In an ɗaure tamau kuma numfashi ya gagara a hawan tudu. Maganinsa guntuwar roba mai ƙarfi, tsawon yatsa, a kowane gefe, ta riƙe jaka ta kuma bar ƙirji ya buɗe. Tsawon ya isa a sa a kan batakari da sanyin asuba, a rage in rana ta yi. Jelar da ta rage a yi mata zobe na yadi da za a cusa ta, kada ta riƙa reto tana kama ƙaya.

Akwai abin da na tabbata mai samfurin bai taɓa tunaninsa ba, ku kuwa bai kamata a tuna muku ba: salla. Da jakar nan a ƙirji ba a yin sujada yadda ya kamata, alwala ma sai ruwa ya zuba a kanta. Yanzu kafin mutum ya cire ta sai ya sauke jakar baya, ya tuɓe hula, ya zaro ta ta kai kamar riga. Maƙulli ɗaya mai saurin buɗewa a gefen haƙarƙari ya wadatar, a danna a zame ta a ajiye a kan jaka. Ranar da reshe ya kama mutum ta baya, ko kwalekwale ya kife da shi a tafkin Volta, maƙullin nan ne zai raba shi da kaya.

Ni kaina na yi asarar madubi guda, shi ya sa zan daɗe kaɗan a kan igiyar tsaro. Na sunkuya ina duba sawun mazo a kan marmara, murfi a buɗe, madubin ya sulluɓe ya daki dutsen. Na ɗauka na jujjuya, gilashi bai fashe ba, na yi hamdala. Da na kai ido sai na ga bishiya ɗaya ta zama biyu. Gilasan da ke ciki masu juya hoto sun goce daga mazauninsu, bututun dama da na hagu ba sa kallon wuri ɗaya. Minti biyar a ido, kai ya ɗauki ciwo. Daidaita shi sai da na'ura da gwani, kuɗin kuma ya kusa na wani madubin. Igiyoyi biyu sirara da sun hana wannan, kowace ta fito daga maɗaurin kafaɗa ta kama kunnen madubi. Tsawonsu ya kai ido ba tare da ja ba, kada kuma ya kai ƙasa in mutum ya durƙusa. A sa musu ɗan maƙulli don a iya ɓalle madubi a miƙa wa abokin tafiya. Inda suka haɗu da jaka a yi ɗinkin akwati da gicciye a ciki, da zaren nailan, domin zaren auduga zufa tana ruɓar da shi cikin damina ɗaya.

Girman jakar ma guda ɗaya kuka yi, madubai kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai mai miƙaƙƙun bututu biyu, siriri, akwai kuma irin na da mai faɗin kafaɗa, wanda dattawanmu da yawa suka gada. Na farko yana iyo a cikin jakar yana ƙwanƙwasa, na biyu ba ya shiga sai da dannawa. Girma uku zai ɗauke kusan kowa. Bangon jakar kuma ya samu ƙarfi, ya tsaya a buɗe in an zare madubi, don a mai da shi da hannu ɗaya ido na kan nama. Ba sai an sayo wani abu daga waje ba. Wani abokinmu ya yanka gefen jarkar nan rawaya da muke ce wa galan ɗin Kufuor, ya goge bakin, ya zura tsakanin yadi da shafi, shekara biyu ke nan jakarsa ba ta lotsa ba.

Launi kuwa, kusan duk abin da na gani a rataye baƙi ne, ko shuɗi mai duhu, ko yadin sojoji. Baƙi da shuɗi su ne launukan da ke jan ƙudan tsando, shi ya sa da su ake ɗinka tarkonsa. Wanda ya sa su a ƙirji ya bi bakin rafi a Afram ko ya shiga gandun dajin Mole, ya gayyato cizo. Yadin sojoji kuma akwai dokar 1967 da ta hana farar hula amfani da kayan soja, rundunar sojin Ghana ta sha jan kunne a kai. Mutum ɗauke da bindiga, ko da lasisinsa a aljihu, ba ya bukatar ƙarin abin da zai tsai da shi a shinge. Ku ba mu kaki, ko ruwan ƙasa, ko koren ganye da ya dushe. Zobban ƙarfe masu walƙiya a bar su, suna ƙyalli a rana suna kuma ƙara in sun haɗu. In da abin da za ku aro daga Amurka, to ga shi: a jihohinsu da dama doka ta tilasta wa mafarauci sa tufa mai launin lemo mai haske don ɗan'uwansa ya gan shi. Ɗan ƙyalle irin wannan, a naɗe cikin aljihu a bayan maɗauri, a zaro shi in ana tafiya mutum biyu ko uku, zai yi mana amfani ƙwarai.

Aljihu kada su yi yawa. Ɗaya shimfiɗaɗɗe a gaba na takardun lasisi cikin leda, ɗaya ƙarami na ƙyallen goge gilashi da aka ɗaure da zare, da wurin maƙala usur. In suka wuce haka jakar ta yi tudu, mutum ba ya ganin inda yake taka ƙafa, a dajin da akwai kububuwa.

Ga roƙonmu, iyayenmu. Ku dakata da yankan sabon yadi a kan samfurin nan har mu zauna. Waɗanda aka riga aka ɗinka ba asara ba ne, yawancinsu za su gyaru: a ɓalle abin mannewa, a sauke maƙullin kafaɗa, a ƙara igiyar tsaro, a huda gindi. Ku ɗinka mana guda shida ko takwas na gwaji kafin 1 ga Disamba, kuɗin kaya da na hannu a kanmu. Mu mafarauta za mu yi hunturu da su, jagororin Bobiri da Owabi su yi damina da su, mu dawo muku da su yadda suke, ku ga da idonku inda ya goge da inda ya saki. Kayan aiki ba su yi nisa ba. Tsofaffin jakunkunan baya da ke fitowa daga dilar gwanjo suna ɗauke da raga mai kyau, da maƙullai masu ƙarfi, da yadi mai ƙwari da ake kira Cordura, da zif na kamfanin YKK ga aljihun gaba. Ƙugiya ko zobe na tagulla da ba ya tsatsa kuwa, maƙeran Suame za su buga muku in kun kai musu zane.

Muna kuma roƙon ku ɗinka maɗauri yadda za a iya cire shi a sa wani, domin shi yake fara mutuwa, kada mutum ya yar da jaka lafiyayya saboda igiya. Maganar farashi, mun san kaya sun yi tsada kuma hannu yana da hakki. Ku yi mai araha da mai tsada, kowa ya sayi daidai ƙarfinsa. Amma ko a mai arahar, abu uku kada a taɓa su: murfin da ba ya ƙara, kafaɗar da ba maƙulli, da igiyar tsaro. Za mu biya ƙarin. In aikin ya yi kyau ba mu kaɗai za mu saya ba, akwai ma'aikatan gandun daji da jagorori a Mole da Kakum da su ma suke yini da madubi a wuya.

Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan an sakko daga masallaci, mu biyar za mu zo da madubanmu iri-iri da tsofaffin jakunkunanmu, har da ta ƙanena da ya cire a Afram. Ku zaɓi rumfar da za mu zauna, ku sa yaro ya zo da abin awo da alli.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma abokin cinikinku,
a madadin mafarauta da jagororin daji na Zangon Kumasi.